Akwatin Markus da Gonar Tabawa

Tun kafin a buga ƙarfen asibiti, Markus ya riga ya share ƙofar ɗakin luneti, ya yayyafa ruwa, ya fiddo teburinsa ƙarƙashin itacen bedi. Sai ya zauna ya buɗe kwandon tsofaffin lunetin da ake aiko wa mishan, wato tabarau, ya dinga ɗaukarsu ɗai-ɗai yana yi musu huci yana gogewa da ƙyallen tsohon zanen matarsa. Wanda ƙafarsa ta karye ya ɗaure shi da zaren waya. Wanda idonsa guda ya fashe ba ya yar da ɗayan, yana da gwangwanin madara da yake tara irinsu, marayu yake ce musu. Kafin hantsi tsofaffi sun cika tabarma, daga Urno, daga Azarori, daga can cikin duwatsun Buza, kowa na jiran a gwada masa. Ya ɗora wa tsohuwa ɗaya a hanci, ya miƙa mata allura da zare, ya ce, "Inna, zura mu gani." In ta zura, an gama. In ba ta zura ba, a sake wani. Ban taɓa jin ya ce ya gaji da mutum ba.

Ni Naomi ce, mai dama kunun marasa lafiya, kuma murhuna yana kallon teburinsa tun muna da baƙin gashi. Ɗan kawuna ne, taubashina, don haka in kun ji na taɓa shi kada ku ce na rasa ladabi, wasa ce ta gado. Da anka ji zai ajiye aiki ƙarshen watan nan, matan zumunta sunka ce, "Naomi, ke da bakinki ba ya hutawa, kuma kin yi karatun manya, ki rubuta." To, ga shi na rubuta.

Abu guda za ku riƙe mini: Markus ido ɗaya gare shi. Baƙon dauro ya ɗauke na hagu tun yana goye. Ku ajiye wannan a gefe, za mu buƙace shi.

Shekarun da aikin tare ruwa ya yi ƙarfi a kwarin Keita, wani ma'aikacin can ya kawo wa Markus gyaran wani abu mai ido biyu da ƙafafu sirara, idonsa guda ya kwance. Da anka gyara, mutumin ya shimfiɗa hotuna biyu da anka ɗauko daga jirgin sama, ya ɗora abin a kansu, ya ce in leƙa. Na leƙa. Da fari hazo kawai na gani, can sai takarda ta buɗe, kwari ya nutse, duwatsu sunka miƙe tsaye suna nufo fuskata. Wallahi sai da na ja kaina baya kada su tsone ni. Markus ya ce, "Mi kika gani?" Na ce, "Ya tashi! Hoton ya tashi!" Ya ture ni ya leƙa, ya juya kai nan, ya juya can, hoto bai tashi ba. Mutumin ya ce masa ai hoto ɗaya na idon dama ne, ɗaya na hagu, kan mutum ke haɗa su ya fitar da zurfi. Markus ya ce, "To ni mai guda fa?" Mutumin ya ce sai haƙuri.

Da ni ce, nan zance ya mutu. Shi kuwa ya yi ƴan kwanaki ba ya tanka wasata, sai na ga ya zazzage gwangwanin marayu bisa tebur yana haɗa su biyu-biyu. Ya sami kwalin magani ya huda masa ido biyu, ya liƙa marayu da ƙaro, ya tsaga wani kwali ya raba cikin akwatin gida biyu don kowane ido ya tsaya a gonarsa. Yana da abin ɗaukar hoto da yake yi wa mutane hoton katin shaida ranar kasuwa. Sai ya tsaya, ya jingina nauyinsa a ƙafar hagu ya ɗauka, ya karkato ƙafar dama ya sake ɗauka. Matan asibiti sunka sa wa abin suna rawar Markus. A kai Konni a wanko, ya yanke su daidai tafin hannu, ya zura cikin akwati, ya ƙwala mini kira: "Naomi, aro mini idanunki!"

Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na leƙa na ce masa kaina kawai ke ciwo. Wani zakara ya motsa tsakanin ɗauka da ɗauka ya fito kamar aljani. Wani hoton ya karkata da yawa har idona ya yi kamar zai rabu da ɗan'uwansa. Wanda ya fara tashi murhuna ne, da tukunyar kunu da ludayi ya miƙo kamar in kama. Na yi ihu. Markus bai leƙa ba. Fuskata ya tsaya yana kallo, yana dariya har da dafa tebur.

Daga nan akwatin ya zama na jama'a. Masu tari da ake tsarewa watanni a asibiti, in kewar gida ta dame su, Markus ya hau motar kasuwa ranar hutunsa ya ɗauko musu ƙofar gidansu. Ƴan biɗa masu tafiya Abijan da Ikko sunka fara cewa a yi musu na tafiya, ya koyi yin akwati mai naɗewa da ake sa wa a ƙasan jaka. Mutum na can bakin teku ya leƙa ya ga sabon rumbunsa ya yi ciki, ya ga jaririn da anka haifa bayansa kamar ya sa hannu ya ɗauka. Kowane hoto kafin ya bar hannunsa sai ya biyo ta murhuna, tambayar kuma ba ta sakewa: "Ya tashi?"

Yanzu bari in ba ku labarin Tabawa, don shi ya sa na yarda na riƙe alƙalami.

Tabawa Musulma ce, daga wani ƙauye kusa da Garhanga, ta zo neman luneti ta ga akwatin rataye a ƙusa. Mijinta ya rasu tun yunwar tamanin da huɗu, ɗanta na fari Sufyanu ya tafi biɗa Abijan a shekarar, bai sake waiwayo ba. Ya bar gonar ubansa ta zama fako, ƙasa tauri kamar daɓe, ko akuya ba ta tsayawa. Duk wanda ya je ya ce masa ya komo, amsarsa guda: ba ya noman dutse. Tabawa kuwa tana cikin matan da sunka ɗauki duwatsu a ka shekara da shekaru. Ta jera su a gefen gonar, ta haƙa dogayen ramuka jere-jere don su riƙe ruwan sama, ta zuba taki, har ƙasa ta fara laushi. To, lokacin da gona take fako ba wanda ya tuna da ita. Da ta farfaɗo sai ƙanen mijinta, Jika, ya tuna cewa gadon gidansu ce. Ya ce mace ba ta riƙe gonar gida. In ruwan shuka ya sauka ba a ga Sufyanu da kalmen noma a hannu ba, shi zai shuka ta.

Ta gaya mana wannan duka ba ta ambaci sunan ɗan nata ba ko sau ɗaya. Ɗan fari ne, akwai kunya. "Wancan na Abijan" take cewa. Ta ce, "An gaya mishi da baki bai yarda ba. An kai mishi hoto irin na kowa, ya ce ƙasa ce dai ja. Ka kai mishi wanda ka tashi."

Markus ya bi ta har gonar a cikin rani. Ya hau kan jerin duwatsu don ramukan su fito, ya ce mata, "Inna Tabawa, shiga tsakiya ya gan ki." Ta rufe baki da gefen mayafi ta ce, "A'a! Ni in tsaya yaron ga ya ƙura mini ido? Gona za shi gani, ba ni ba." Ya yi rawarsa, ya ɗauki gona ba kowa a ciki. Da anka wanko na leƙa, ramuka sun nutse kamar in zura ƙafa. Na ce ya tashi. Markus ya naɗe akwati, ya ba Iro, wani direban babbar mota ɗan Madawa mai kai albasa Abijan, ya nuna masa hotunan biyu ya ce, "Wanga hannun dama, wanga hannun hagu. Kada ka manta." Iro ya ce, "Haba Baba Markus, ni da nake tuƙi ban san dama da hagu ba?"

Sai da zafi ya fara sannan labari ya dawo. Ina cikin damun kunu na ji muryar mace tun daga bakin ƙofa: "Ina Markus? Ina mai ido guda? Ya bizne ni da raina!" Tabawa ce, mayafi a kafaɗa, ga Iro biye da ita yana sosa ƙeya, riƙe da ƙullin goro da dabino. Ta karɓe ƙullin ta dangwara shi bisa teburin luneti. "Ga sadakata ta bakwai, an aiko daga Abijan. Ku ci, ku yi mini addu'a!"

Markus ya miƙe. "Inna, zauna. Iro, mi ya hwaru?"

Iro ya ce ya sami Sufyanu a wurin da yake sayar da shayi, sunka zauna fuska da fuska, ya buɗe akwati, ya sa na dama a dama, na hagu a hagu, ya miƙa masa. Sufyanu ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Inna lillahi. Gonar babana ta zama maƙabarta." Ya ce ga kushewa nan jere-jere, dogaye, sababbi, ba iyaka. Ku tuna shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna ce, kuma labarinsa ya kai Abijan. Sufyanu ya ce, "Ina Inna cikin hoton? Don mi babu ta?" Ya ce ya gane, ba a iya gaya masa da baki ba ne, shi ya sa anka aiko masa hoto. Kun san halinmu, ba mu faɗa wa na nesa mutuwa kai tsaye.

Tabawa ta ce, "Kai kuma ba ka ce mishi ina nan ina shan hurata ba?"

Iro ya ce, "Inna, ni ban taɓa ganinki ba sai yau. Baba Markus ya ba ni saƙo. Kuma na karɓa na leƙa da idona, wallahi kushewa na gani. Har na taya shi kuka."

"Ka taya shi kuka! Allah shi ba ka lada, ɗan albarka. To shi wancan ya ce mi?"

"Ya ce ba shi da sauran abin da zai komo ya gani a ƙasarku ta Adar. Shi ya ba ni goro da dabinon nan a yi miki sadaka."

Nan Tabawa ta zauna bisa tabarma, faɗan ya fita daga jikinta. Gajimare sun fara taruwa a gabas da maraice, kowa ya san ruwa bai yi nisa ba, kuma ta ce Jika har ya kai kalmensa maƙera.

Markus bai ce laifin wane ne ba. Ya shiga ɗaki ya fito da na ajiya, don kowane hoto biyu yake wankewa. Ya zura su ya ce, "Naomi, idanunki." Na leƙa na ce ramuka ne. Ya ce wa Iro, "Zauna nan gabana kamar yadda ka zauna da shi. Karɓi. Sa mini yadda ka sa mishi." Iro ya juya idanun akwatin wajen Markus, ya sa na dama a damarsa shi Iro, na hagu a hagunsa. Markus ya karɓa bai juya ba, ya miƙo mini. Na leƙa. Jama'a, tsigar jikina ta tashi. Gonar nan dai ce, duwatsun nan dai ne, amma kowane rami ya kumburo ya zama tudu, dogo, daidai tsawon mutum. Na ajiye akwatin na ce, "Yesu mai ceto!"

Ashe damar mai miƙawa ita ce hagun mai karɓa. Idon dama ya ci abincin na hagu, sai duniya ta kife, rami ya koma tudu. Markus, wanda bai taɓa ganin ramin a cikin akwati ba balle tudun, shi ya gano. Ya dafe kai ya ce, "Shekara nawa ina aika su a warwatse kamar ƴan tsaki." Tabawa ta leƙa ita ma, sannan ta ce, "Kai, amma an gyara mini kushewar da kyau." Duk munka fashe da dariya, har ita, tana share ido.

Washegari ba ranar hutunsa ba ce. Ya roƙi lokotoro, wato likitan asibiti, izini, ya bi Tabawa Garhanga. Matar da ta raka su ta ba ni labari. Ta ce da sunka isa, Markus ya ce, "Inna, wannan karon ba ni ɗaukar gona ita kaɗai. Abin da ido ya sani shi ka gaya mishi ina ne sama ina ne ƙasa. Ɗanki bai san ramukan ga ba, amma ya san ki." Tabawa ta dubi gona, ta dubi gabas, ta ce, "Kunya ta ci gonar wani, ba tawa ba." Ta tattare zane ta faɗa cikin rami har gwiwa, ta ɗora ƙwarya a ka, ta miƙo hannu ɗaya gaba. Markus ya ce, "Kada ki motsa." Ta ce, "In na motsa a sake yi mini sadaka? Yi rawarka."

Da anka wanko, ya liƙa hotunan biyu da ƙaro bisa kwali guda, yadda ko Iro ba zai iya musanya su ba. Tun daga ranar bai sake aika hoto a rabe ba. Tabawa ta kwaɓa lalle ta dangwala babban yatsanta a gefen dama, ta ce wa Iro, "Ka ce mishi matattu ba su ƙunshi." Na leƙa kafin a naɗe. Hannun Tabawa ya fito daga cikin kwalin kamar zai kama wuyan rigata. Iro kuwa lodin albasarsa bai cika ba ya tashi, ya ce sauran ta jira wani.

Sai jira. Ruwa ya sauka a Madawa, ya sauka a Buza. Kullum Markus ya fito da tebur sai ya dubi arewa kafin ya zauna, ya tambayi duk wanda ya zo daga wajen Keita ko an yi ruwa a Garhanga. Rannan wata mata ta ce an yi, mai yawa, shekaranjiya. Ranar ko allura bai iya zura wa kansa ba, ni na kai masa kunu ya bar shi ya huce.

Bayan sujadar Lahadi ta gaba muna fitowa daga majami'a, sai ga wani dogon mutum tsaye ƙarƙashin bedi, ƙafafunsa duk jan laka ya bushe, riƙe da akwatin kwali da ya sha hannu. Tabawa na gefe ta juya masa baya, wai kallon tantabaru take yi. Mutumin ya durƙusa ya gai da Markus. Ya ce shi ne Sufyanu. Ya ce ya sauka daga mota ana ruwa, bai shiga gida ba ya wuce gona, ya tarar da ramuka cike da ruwa da baffansa Jika tsaye da iri a ƙwarya. Sunka gaisa, Jika ya dube shi, ya miƙa masa ƙwaryar ya ce, "To, tunda ka zo." Tare sunka shuka ta.

Markus ya karɓi akwatin yana juya shi a hannu. Sai na ga bakinsa na motsi, na san abin da zai fito. Ya ce, "Ɗana, da ka leƙa na biyun... ya tashi?"

Sufyanu ya ce, "Baba, ya tashi. Har ni ya tasa daga Abijan."

Tabawa, ba ta juyo ba, ta ce wa tantabaru, "Ku ce wa wancan ya rage surutu, mota ba ta jira."

Markus, taubashina, bawana na gado, yau kam zan faɗa maka abin da ban saba ba. Kai ne ka yi shekaru kana dafa abincin da ba ka taɓa ɗanɗanawa ba, kuma ban taɓa ganin ka yi wa masu ci hassada ba. Kai ne mai tara marayun luneti ka yi musu aure. An ce maka sai haƙuri, ka ɗauki haƙurin ka yi masa ido biyu ka ba mutane. Na sha tambayarka abin da kake samu a ciki, ka ce fuskar mai leƙawa kake kallo, nan naka hoton yake tashi. Da ina ɗauka zance ne na mai ido guda. Ranar Sufyanu na dubi taka fuskar, na daina.

Yanzu idon nan guda da ya yi mana aikin biyu ya fara hazo, shi ya sa zai koma gida ya zauna. Ya koya wa ɗiyarsa Susana rawar, ta iya, sai dai ita ba ta buƙatar aron idon kowa, don haka ni ma aikina na leƙe ya ƙare. Mun gode, Markus. Masu tari da sunka ga ƙofar gidansu daga kan gado sun gode. Ƴan biɗa sun gode. Tabawa ta aiko da damin gero na gonar nan, ta ce a gaya maka ba sadaka ba ce, kada ka ji tsoro.

Ku kuma matasa masu ido bibbiyu, ina roƙonku ku dube shi da kyau. In an ce muku wani abu ba rabonku ba ne, ku tambaya ko rabon maƙwabcinku ne da zai bi ta hannunku. Kuma in kun biyo ta unguwarmu, gidan Markus shi ne mai bedi biyu a ƙofa. Akwatin farko yana nan rataye a zaure, da hoton murhuna a ciki. Ku shiga ku gaishe shi, ku leƙa. Zai tambaye ku. Ku tsaya inda haske zai faɗa a fuskarku kafin ku ba shi amsa.